Wa Ke Kife Mini Ƙwarya, Inna?

Assalamu alaikum Inna, tare da gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya sa kina cikin rahama.

Ni ce Hadiza, autarki, daga Birnin Kabi. Wuƙaƙen zanen ƙwaryarki suna hannuna, da kaskon da kike zafafa su. Da su nake aiki tun da kika rasu.

Kin san hannuna da zari. A gidanmu na Argungu, da an kira la'asar sai ki kife ƙwaryar da kike ƙona wa zane, ko da rabin zanen kifi kika yi, ki yayyafa wa garwashi ruwa. Ni kuwa ina ta mita, ina ganin lalaci ne. Ki ce, "Aje wuƙag ga, ɗiyata. Hannu ma shina gajiya."

Bana da bikin kamun kifi na Argungu ya matso, masu kai wa baƙin Sakkwato tsaraba suka yi mini caa. Ban ce wa kowa a'a ba. Na daina tashi daga gaban kasko sai don salla. Hayaƙi ya cinye mini ido, yatsuna suka soma rawa, har na wayi gari ganin ƙwarya ma tayar mini da zuciya yake. Na ji tsoro, Inna, don in hannun nan ya mutu, zanenki ya ƙare a kaina.

Ran nan na idar da la'asar na fito, sai na tarar da ƙwaryata a kife. Garwashin ya jiƙe, yana ɗan huci. Ƙofa a rufe take, maigidana Malam yana kasuwa, ba kowa a gidan sai kaji.

Washegari ma haka. Na gaya wa Malam, ya ce ni ce nake yi ina mantawa, gajiya ce. To, amma ni bahaguwa ce, wuƙaƙen kuwa a dama nake samunsu, a jere, ƙanana a gaba, yadda kike barinsu.

Dole na soma tsayawa. Rawar hannun ta ragu, har na koma jin daɗin ƙamshin ƙwarya in wuta ta taɓa ta.

Sai dai na lura da wani abu. Ranar da na kife da kaina, ba abin da ke motsi a gidan. Shi ya sa wani lokaci da gangan nake barin wutar, in daɗe a kan sallaya, ina sauraron cuuu ɗin ruwa a bayana. Kewarki nake yi, ba na son ki daina zuwa.

Amma bai kamata ba. Kin sha aiki kina raye, ba zan sa ki gadina kina kwance ba. Daga gobe ni zan kashe wutata, ko da gidan zai yi shiru.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya hutar da ke hutun da na hana ki.

Taki har kullum,
Hadiza