Da Wace Kalanda Kuka Tsufar da Ni?

Zuwa ga Shugaban kwamitin musabaƙar Alƙur'ani ta matan aure na makarantunmu na Islamiyya, Potiskum.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah gafarta Malam, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran malaman kwamiti.

Sunana Talatu, daga Dogo Tebo, ina cikin masu karatun izu ashirin. Na yi ta sintiri zuwa ofishinka na Yerimaram har masu Keke sun daina tambayata inda za ni, kullum a ce ka fita. Ga Asabar ta matso, ranar zagayen ƙarshe, sunana kuwa an cire shi. Shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Sanarwarku ta ce gasar ta matan da ba su cika shekara talatin ba ce, kowa ta kawo takardar haihuwa. Na kawo tawa ta asibiti. Aka lissafa, shekarata ashirin da tara da wata huɗu, aka karɓe ni, na tsallake zagaye biyu.

Na biyu. Ranar tantancewar ƙarshe wani malaminku ya yi min wasa, wai na yi ƙuruciya da haddar izu ashirin. Ni kuma da daɗin baki na ce Innata da azumi take ƙirga shekarun 'ya'yanta, kuma a lissafinta azumi talatin da ɗaya ya riske ni a duniya, don a Sha'aban ta haife ni. Baki shi ke yanka wuya. Nan take ya daina dariya, ya lissafa da kalandar Hijira, ya ce na haura talatin da wata uku. Da ƙuruciyata na shiga ɗakin nan, na fito tsohuwa, ko ruwa ban sha ba.

Na uku. Ban ce lissafinsa ƙarya ba ne. Shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya, in aka tara na shekara talatin ya kusa shekara guda. Da kalandar Hijira nake azumi, da ita nake Sallah, ba na raina ta. Amma ni kaɗai aka auna da ita. Sauran mata duk da takardar asibiti aka bi, har da wadda na san tare aka yaye mu, don iyayenmu maƙwabta ne. Laifina kawai na tuna maganar uwata.

Na huɗu. Malamin da ya cire ni ma'aikacin gwamnati ne. Da za a lissafa masa ranar ritaya da kalandar da ya lissafa min, da kusan shekara biyu za su zube daga aikinsa. Ban ji ya je ya roƙi a yi masa haka ba.

Malam, tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Na hau keken ɗinki na sauka, na ɗora tukunya na manta gishiri. Maigidana, wai don ya kwantar min da hankali, ya sa ranar haihuwata a wayarsa. Ta gaya mana an haife ni ranar Talata, abin da sunana ya daɗe da faɗa, wai kuma na shafe kusan shekara goma ina barci. Wannan kam ƙazafi ne. Wadda ta yi hadda da goyo a baya, tana bita kafin gari ya gama wayewa, ba ta samu barcin nan ba. Raina ya ɓaci, kuma ba kyautar nake wa kuka ba. So nake in zauna gaban alƙalai in karanta abin da na sha wahala a kansa.

Roƙona biyu ne. Ko dai a mayar da sunana bisa takardar da ku da kanku kuka nema, ko a lissafa wa kowa da Hijira, abin da ya ci Doma kada ya bar Awai. Sannan nan gaba ku faɗi kalandar da kuke nufi tun a sanarwa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da wannan amana lafiya. Ina roƙon amsa kafin Asabar, Malam, don wannan ce shekarata ta ƙarshe. Baɗi ba sai kowa ya wahalar da kansa da lissafi ba, kalandun biyu za su yarda na wuce.

Wassalam.

Talatu, Dogo Tebo.