Wanda Ya Fara Tashi

Montréal, 9 ga Oktoba

Zuwa ga maigidana Aurèle,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya ƙugun naka, yaya sanyin garinmu Matane? Ina fata kana shan maganin a kan lokaci, ba sai ciwo ya kayar da kai ba. Wasiƙa na zaɓa domin waya da kai wahala ce, ina ihu kana cewa "me?", har maƙwabta su gama jin sirrinmu.

'Yarka Maude tana lafiya. Ciki ya sauko, likita ya ce saura kamar mako biyu. Mijinta Sylvain yaron kirki ne, amma kicin ɗinsu abin kuka ne, tukunya ɗaya, wuƙa ba kaifi, kuma sun hana ni taɓa murhu wai in huta. Ni da na shekara talatin da huɗu ina dafa wa 'yan makaranta, yau ake ɗumama mini abincin kwali! Shi ya sa da rana nake sulalewa neman inda zan ci girkin Faransa na gaske ba tare da an yanke mini aljihu ba.

Na sha wuya kam. Wuri na farko dala arba'in suka karɓa a kan kifi da bai kai tafin hannuna ba. Na biyu miyar albasarsu ta gwangwani ce, na faɗa wa mai kawo abincin a fuskarsa. Sai jiya Alhamis na faɗa wani lungu bayan wata coci da aka rufe, na ji ƙamshin man shanu da albasa, na bi hancina. Ɗan wuri ne, sunansa ma ya goge daga jikin gilashi. Aurèle, dala tara! Miya, zomo da ya yi laushi har ƙashi, burodi da zafinsa, ga kayan zaƙi. Na ci har na ji kunya.

Mai wurin, Madam Solange, doguwa ce marar yawan dariya. Akwai dogon tebur a ƙurya inda wasu tsofaffi ke haɗuwa duk Alhamis. Ta ce mini su goma sha uku ne, saboda haka kullum takan nemo baƙo ya cika su sha huɗu, ya ci kyauta. Nan take na tuna Mamarka, yadda take korar yaro ɗaya kicin da farantinsa in ta ƙirga mu sha uku, tana cewa wanda ya fara tashi daga irin wannan tebur ba zai ga shekara ta zagayo ba. Jiya wani saurayi matafiyi ta samo musu. Na ba su baya, amma na ji lokacin da ya ture kujera ya ce zai rasa jirgi. Wurin ya yi tsit. Ƙofa na rufuwa a bayansa sai duk suka ɓarke da hira lokaci guda. Raina bai so wannan shirun ba, amma ka san tsofaffin birni da halinsu.

Ka riƙa rufe tagar ɗakin baya. Ka gaida maƙwabciyarmu Fernande da mijinta.

Taka har kullum,
Ghislaine

Montréal, 15 ga Oktoba

Aurèle nawa,

Ina gaisuwa, ina fatan jikinka da sauƙi. Mu ma lafiya lau, ka riƙe wannan tukuna kafin ka karanta sauran.

Shekaranjiya na koma wurin nan. Madam Solange ta ce ɗaya daga cikin tsofaffinta, wani Ovide, yana kwance ba lafiya, don haka wannan Alhamis mutum biyu take nema, ko ina da wanda zan zo da shi? Ni kuma da kwaɗayin banza na ce ai ina da 'ya. Da bakina na lallashi Maude, na ce ta zo ta ci abincin mutane sau ɗaya kafin ta haihu. Wannan shi ne abin da ba zan yafe wa kaina ba.

Yau da rana muka je. Suka tarbe mu da fara'a, wannan ya ja mata kujera, waccan ta shafa cikin tana cewa namiji ne. Wani mai gashin baki ya tsokane ni wai mutanen Matane in ba jatan lande ba ba su san abinci ba, na ce masa shi ma da haƙoran nan nasa miya kawai ya sani. Aka yi dariya. Aka kawo agwagwa, ban taɓa cin irinta ba.

To ka san halina, ko a jana'iza sai na ƙirga kawuna. Faranti sha huɗu ne a tebur, daidai. Amma kujera ɗaya a can ƙarshe ba kowa a kanta sai kwat da aka rataya, ga abinci an zuba yana hucewa. Na tambaya, aka ce mai ita ya je wanke hannu. Aka kwashe miya bai dawo ba. Aka kwashe nama bai dawo ba. Na sake ƙirgawa da yatsuna a ƙarƙashin tebur, har sau uku. Tsofaffi sha ɗaya, da ni, da Maude.

Daga nan idona ya buɗe. Ba wanda ya taɓa kofinsa a cikinsu, ko ruwa ko giya, kofuna cike kamar yadda aka zuba. Amma na Maude da ya yi rabi sai wani ya cika mata. Suna ta ce mata, "Sha ruwa 'yata, mai ciki da ruwa aka san ta." Ta sha kofi huɗu ina kallo. Mace mai cikin wata tara, Aurèle, minti nawa za ta iya zama?

Tsohuwar da ke gefena ta ga na gane. Ko kunya ba ta ji ba. Ta dafa hannuna, nata sanyi ƙalau, ta ce a hankali, "Shekara ashirin da biyu ba mu binne kowa daga cikin 'yan teburin nan ba. Ovide yana jin jiki. Dole wani ya tashi." Tana faɗa tana shafa man shanu a burodi.

Na juya in ce wa Maude kada ta motsa, sai na ga ta riga ta ajiye adiko, ta dafa tebur da hannu biyu tana cewa, "Mama, ina banɗakinsu yake?" Cokula duk suka tsaya. Na ji shirun nan na makon jiya, sak.

Ban yi wani tunani ba. Na danna kafaɗarta da ƙarfi har ta ce wayyo, na miƙe tsaye. Kujerata ta faɗi ta baya. Na tsaya sosai a kan ƙafafuna yadda kowa zai gani, na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, sannan na ce mata yanzu ta tashi. Mai gashin bakin nan ya sauke numfashi, ya ɗauki kofinsa ya shanye tas. Madam Solange har bakin ƙofa ta raka mu tana godiya.

Maude ta yi fushi, wai na kunyata ta a gaban mutane, kuma kafaɗarta ta yi shuɗi. Na ce tsufa ne. Kada ka gaya mata komai, na roƙe ka.

Ka san ni ba mai camfi ba ce, ni ce mai yi wa Mamarka dariya. Amma tsoro nake ji, gara in faɗa maka gaskiya.

Matarka,
Ghislaine

Montréal, 26 ga Oktoba

Zuwa ga Kaka Aurèle,

Gaisuwa da murna! Yaya ƙarfin jiki? Na san Sylvain ya yi maka ihu a waya, amma ga shi a rubuce: Maude ta sauka lafiya ranar Asabar da safe, mace, kilo uku da rabi, ga gashi cunkus. Haihuwar ta zo da gardama, jini ya ƙi tsayawa har likitoci suka fitar da mu waje. Ina tsaye jikin bango ina cewa a zuciyata, ba ita ba ce, ni ce na tashi, kowa ya gani. Can sai aka fito aka ce ya tsaya. Yanzu tana cin abinci tana yi wa mijinta tsiya. Jaririyar hancinka ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri.

Ɗazu na je kantin magani, ƙafata ta bi da ni ta lungun nan ba da niyya ba. Madam Solange tana share ƙofa. Ta gane ni, ta ce Ovide ya warware sarai, jiya har ya sauko ya ci zomo, ya ce in ta gan ni ta gaishe ni da kyau. Na wuce, sai da na kai bakin titi na zauna a kan benci.

Lafiyata ƙalau, ko tari ba na yi, kada ka tayar da hankalinka. Kuma da za a mayar da ni teburin nan sau goma, sau goma zan tashi, wannan ko kokwanto babu.

Mun yi da kai za ka bari sai ƙanƙara ta narke, ƙugu ya yi sauƙi, sannan mu zo tare mu ga jikar. Na fasa wannan shawarar. Ka ba Fernande makulli, ka hau motar ranar Juma'a, zan jira ka a tasha. Ina so in gan ka riƙe da yarinyar nan da idona, kuma ina so ka zauna kusa da ni. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa roƙonka ka yi sauri ba, Aurèle. Ka yi sauri.

Taka mai ƙaunarka,
Ghislaine