Na ce wa Inna Sabi'u ya shiga jirgi

Alhamis, 21 ga Afrilu, 2011. Unguwar Hayyus Sabi', Alƙahira.

Barci ya ƙi zuwa. Yau ƙanena Sabi'u ya kira ni da wayar aro daga Misrata, inda ake gwabza yaƙi, bayan sati uku shiru. Aikinsu na sauke kaya ya tsaya cak. Suna kwance a filin tashar jiragen ruwa suna jiran jirgin da zai kwashe baƙi, rokoki na faɗowa kusa da su. Burodi ɗaya mutum huɗu ke rabawa. Gari kuwa ba ya shiguwa, baƙar fatarka ta isa a ce kai sojan haya ne. Ya ce, "Yaya, kar Inna ta ji."

Da la'asar Inna ta kira daga Gusau. "Da sauƙi" kawai na yi niyyar cewa, sai na ji bakina ya ce Sabi'u ya shiga jirgi, khalas, shi ke nan, yana hanya.

Ta yi ta hamdala har da kuka. Ta ce gobe Juma'a za ta toya waina ta raba sadakar godiya, ta ajiye azumin da take yi masa tun farkon yaƙin.

Ya Allah. Yana can kwance a ƙasa, ni kuma na sallami mai yi masa addu'a.