Yayata ta ɓata alamomin da nake koya wa 'yata

Malama, ina roƙonki ki taimake ni kafin ranar Asabar, domin a ranar ce yayata ta ce za ta bar gidana, kuma har yanzu ban ga laifin da na yi ba.

Shekaruna arba'in da bakwai, sana'ata gyaran sikeli. Na faɗi haka ne don ki san cewa ni mutum ne da ba ya wasa da ƙa'ida. Sai da muka shekara goma sha huɗu da aure sannan Allah ya ba mu 'ya, muna kiranta Kyauta, yanzu watanninta goma sha ɗaya. Ranar da muka kai ta awo aka ba ni wata ƙasida mai shafi takwas a kan koya wa jarirai maganar hannu, don su nuna abin da suke so tun bakinsu bai buɗe ba. Na karanta ta sau uku. Na zana alamomi ashirin a babbar takarda na manna a bangon falo, na tsayar da minti goma da safe, goma da yamma. A shafi na huɗu an rubuta ƙarara cewa dole ne kowa a gida ya yi amfani da alama iri ɗaya, kuma na ja layi a ƙarƙashin wannan.

Yayata kurma ce tun haihuwa, tana zaune tare da mu tun rasuwar mahaifiyarmu, ita take riƙe yarinyar idan matata ta tafi aiki. Tana da wasu alamomi nata da suka ƙirƙira da marigayiya, waɗanda babu su a kowace takarda. Matata ta iya su, amma ni da Yaya da rubutu muke magana, akwai littafi da biro a kan firji don haka. Na nuna mata takardar bango, ta gyaɗa kai. Ashe gyaɗa kan kawai ta yi. Wata biyu ina fama, Kyauta ba ta kama ko ɗaya daga cikin ashirin ɗina ba, amma ta kwashe na Yaya kaf.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ran Lahadi. Matata da Yaya sun fita, suka bar ni da yarinyar. Tana ta kuka, tana murza ɗan yatsa a kumatu, tana kai hannu kunne. Na ba ta madara ta ƙi, na canza mata kunzugu, na tsaya gaban bango da ita a kafaɗa ina bin hotuna ɗaya bayan ɗaya, babu wannan alamar. Awa uku muka yi a haka. Yaya na shigowa ta dube ta sau ɗaya, ta fizge ta daga hannuna, ta ja matata sai asibiti. Ciwon kunne ne. Murza kumatu, wai, ita ce alamar ciwo a wurin Yaya. Malama, akwai alamar ciwo a ƙasida, ita ce ta tara a jerina! Da an bar yarinyar ta koye ta, da cikin minti ɗaya na gane. 'Yata ta yi awa uku tana gaya mini tana jin ciwo, ni ubanta ina tsaye kamar gunki.

Ba wannan kaɗai ba. Duk lokacin da na shigo gida, Kyauta takan ɗora yatsa a karan hancinta ta tura sama, kamar yadda nake gyara tabarau, matata da Yaya kuwa su yi ta dariya. An mai da ni abin kwaikwayo a gidana.

Don haka na rubuta wa Yaya, cikin ladabi, cewa ta daina yi wa yarinyar alama sai wadda ke bango. Ta karanta, ta ajiye biron a kan littafin, ta shiga ɗaki ta fara haɗa kaya, za ta koma wurin ƙaninmu. Matata ta ɓalle takardar bango ta jefa bayan kujera, kwana huɗu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni ne mai laifi don na nemi tsari? Ta yaya zan sa su fahimta?

Uban da ransa ya ɓaci

Malam mai sikeli,

Awa ukun nan su ne tushen fushinka, kuma na fahimce shi. Uban da ya jira shekara goma sha huɗu ba zai manta da irin wannan rana da wuri ba. Matarka ta yi kuskure da ta bar ka ba ta nuna maka alamomin da yarinyar ta riga ta kama ba, ɓalle takardarka kuma bai dace ba. Ka gaya mata haka cikin natsuwa.

Amma ka sake duba shafi na huɗu. Ya ce alama iri ɗaya, bai ce sai ta ƙasida ba. A gidanku mutum uku suna magana iri ɗaya, kai kaɗai ne a waje. Yaro yakan kama abin da ake yi masa yini guda, lokacin wanka da ci da wasa, fiye da darasin minti goma. Kyauta ta yi daidai abin da ƙasidarka ta yi alkawari: ta ji ciwo, ta faɗa da hannu. Mai sauraron ne bai iya yaren ba.

Ga abin da ba za ka so ji ba. Cikin wata biyu ka haddace alama ashirin saboda yarinyar da ke ji, amma shekara arba'in da bakwai kana ƙanin kurma ba ka san yadda take cewa tana jin ciwo ba. Abin da ka ɗauka ƙa'ida ka rubuta, ita ta karanta shi a matsayin umarnin ta yi shiru a gaban 'yar ƙaninta.

Tura yatsa a karan hanci kuwa, ina kyautata zaton sunanka ne. Masu maganar hannu sukan raɗa wa mutum suna da wata ɗabi'a tasa. Tambayi matarka. In haka ne, da shi Yaya take kiranka tun ran da ka fara sa tabarau, kuma 'yarka tana cewa Baba ya dawo.

Ka samo sabuwar takarda fara. Yaya ta riƙa nunawa, kai kana zanawa, tunda hannunka ya iya. Inda ba ta da alama, ku ɗauko ta ƙasida. Ku ci gaba da yi wa yarinyar magana da baki tare da hannu. Amma kafin duk wannan, yau ba sai Asabar ba, ka roƙi matarka ta koya maka alama biyu: ta ban haƙuri da ta kada ki tafi. Ka bar littafin nan a kan firji, ka je ƙofar ɗakin Yaya da hannuwanka kawai. Ko ka yi su a karkace, za ta gane.

Allah ya ƙara wa Kyauta lafiya, ya bar ku tare.