Hannun Hagun da Na Ɓata

Ya Mardiyyata, sanyin idona, ruwan randata a tsakar bazara, inuwar da nike fakewa in rana ta take! Ina gaishe ki daga Sabon Birni, kaina a ƙasa. Sau uku na ɗauki waya na aje ban kira ki ba. Shi ya sa na ba direba Sodangi wagga takarda ya kai miki Sakkwato.

Kin tuna ranar da munka je asibiti, likita ya ce ƙodarki ta gaji, a kiyaye hannun hagu, kada allura ta taɓa shi, don nan za su haɗa jijiya su yi hanyar wankin ƙoda? Na ji da kunnena! Amma da zazzaɓi ya kada ki da damina, sai girman kan mai kemis ya taso mini. Ni da na shekara goma ina yi wa mutane ƙarin ruwa, wa zai koya mini jijiya? Na ce dama ta cin tuwo ce da jan tasbaha, ba ni wahal da ita. Na kama hagu ina soka, kina murmushi, kina cewa hannuna ba zafi.

Wayyo ni! Ran Litinin a asibitin Sakkwato, da likitoci sunka shafa miki mai, sunka bi hannun da na'urar hoto, na ga jijiyoyin sun ƙanƙance sun toshe kamar busasshiyar ƙorama. Likita ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Kinka dubi ƙasa, kinka ce kin manta. Ni kuwa ina tsaye riƙe da gyalenki, na bar maganar ta wuce haka nan. Wane irin miji ne wannan, mara lafiya na rufa masa asiri? Wallahi kunya ta hana ni cin abinci.

Ran Alhamis za su duba dama. Za ni zo, za ni faɗa wa likita ni ne, da sau nawa, da inda na soka. Ki yafe mini, hasken gidana. Hannu guda ya rage miki. Kada ki bar kowa ya kusance shi da allura, ko ni ne. Balle ma ni.

Naki har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Zayyanu