Ruwan da Inna Ta Shiga da Baba

Lahadi, 11 ga Maris, 1962

Fasto Arzika ya iso daga Sakkwato a motar kasuwa. Mu sha uku ne a rumfar sujada. Kafin Jibin Ubangiji ya tambayi kowa yadda aka yi masa baftisma. Ni katin baftismata na makarantar mishan yana aljihu. Inna ta ce su a tafkin Kalmalo aka yi musu, ita da Baba rana ɗaya, shekara ashirin ke nan. Wani mai wa'azi da ya ratso daga Ƙonni ya nutsar da su, ya ce "cikin sunan Yesu", shi ke nan.

Fasto ya ce da saura. Sai an ambaci Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. A sake mata kafin tafkin ya ja baya. Aka wuce ta da farantin gurasar Jibin, ina kallo.

Talata, 13 ga Maris

Ni ina ganin gaskiyarsa. Shekarata huɗu ina akawun kwastan a bakin iyakar nan, takardar da ba hatimi ba ta wucewa ko ta wane ce. Na faɗa wa Inna haka, har da nuna mata ayar da ta ambaci sunaye ukun. Tana tsince wake, ba ta ɗago ba. "To ubanka hwa? Da wane hatimi ya wuce?"

Ban yi tunanin Baba ba. Wata bakwai da binne shi, amma ban yi tunaninsa ba. Kunya ta kama ni.

Alhamis, 15 ga Maris

Na kasa zama a ofis. Sau biyu na buga hatimi a kife.

Lahadi, 18 ga Maris

Ba fasto, sai gardama. Mai gyaran kekenmu ya rantse manzanni ma da sunan Yesu kawai suka yi, ya buɗe tasa ayar. Wani ya ce ai yayyafawa ma ta isa. Kowa da ayarsa kamar 'yan kasuwa da mudu. Na fi kowa ɗaga murya, ban san dalili ba. Matata Raliya ta ce a hanya, "Maigida, da Inna kake faɗa ko da kanka?" Matar nan!

Laraba, 28 ga Maris

Na hau keke zuwa Kalmalo, wai in duba ruwa. Ya ja sosai, masu albasa sun bi shi da shuka. Nan da sati biyu sai taɓo.

Da na dawo na lallaɓi Inna: minti biyar ne, ki shiga ki fito, kowa ya huta. Ta ce tsoron ruwa take tun tana ƙarama, ranar nan Baba ne ya riƙe hannunta har wuya. Danginta sun daina cin tuwonta tun daga ranar. "In na koma, na ce wancan wanka ne munka yi. In wanka ne, shi yana waje ke nan. Ba ni shiga in bar shi waje, Abu."

Ba ta cika kiran sunana ba.

Asabar, 7 ga Afrilu

Fasto ya kwana gidanmu. Na tambaye shi kai tsaye: Malam Halliru, mahaifina, yana ina? Ya daɗe yana juya kofin shayi. Mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa sharri ba. Ya ce wanda ya tafi yana hannun Allah, shi mai rai aka ba shi ya gyara. Na ce to hannun da ya isa wa Baba, ya kasa Inna ne? Ya ce, "Malam Abu, ni ma bin umarni nikai."

Abin da nake faɗa wa fatake ke nan kullum in na mayar da su. Ban taɓa jin yadda yake a kunne ba.

Lahadi, 8 ga Afrilu

Zafi. A rumfar sujada Inna ta shimfiɗa tabarmarta can bakin ƙofa, inda ta koma zama tun wancan watan. Na tashi daga bencin gaba na bi ta. Can ya fi iska, shi ya sa.

Faranti ya zo, na miƙa wa na kusa da ni. Ban canza ra'ayi ba, sunaye uku ne daidai, har gobe. Hannuna ne dai bai ɗauka ba.

Inna ba ta dube ni ba. Ta dai matsa, ta bar mini gefen da Baba ya saba zama.