Ramin Kwanar Tsamiya

Zuwa ga Yaya Habu, a duk inda takardar nan ta same ka a hanyar gabas.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka, mutanen gida duk ƙalau suke. Damina huɗu ke nan da ka bi ayarin alhazai, labarinka na ƙarshe kuwa daga Kartum muka ji shi. Wani direban lori da zai nufi can zan ba takardar, ko Allah zai haɗa ku.

Maganar filin tseren kekenka ce, wanda ka share a bayan ganuwa wajen Ƙofar Nassarawa. Da ka tafi ya mutu. Magina suka yi ta haƙar ƙasa a kwanar tsamiya har ta zama rami, ƙaya da tafasa suka cinye saura.

Bara na tara mahaya muka tayar da shi. Na rufe rumfar gyaran kekena ta Ƙofar Wambai kwana da kwanaki. Muka cire ƙaya, masu jakai suka kawo marmara, muka yayyafa ruwa muka daɓe. Amma marmara ta ƙare kafin mu kai ga ramin, sai na sa aka cike shi da ƙasar juji. Ban manta kana cewa, “Ɗanlami, kwana ita ce filin, ka taka ta da ƙafarka kafin ka bar wani ya hau.” Gaggawa ce ta ci ni.

Da ka ga jama'a ran Juma'a bayan la'asar, har kan ganuwa ana ihu, da ka yi murna.

Makon jiya aka yi ruwa mai ƙarfi ran Alhamis. Da safe na zaga, na tarar kwanar ta tsage. Na taka, na ji ta lotsa. An riga an yi shelar tseren wannan Juma'ar, ga mahaya har daga Fagge. Na barbaɗa busasshen yashi a kai, na ja bakina na yi shiru.

Garba marini na Ƙofar Mata, wanda ka koya wa hawa, shi ne a gaba a zagaye na uku. Ƙasar ta burma da ƙafar kekensa ta gaba. Daga inda nake riƙe da tuta na ji ƙarar ƙashin cinyarsa. Mai ɗori ya ce zai taka, amma da ɗingishi, hawa kuwa ya ƙare. Mai unguwa ya hana tsere sai abin da hali ya yi.

Yaya, na je na faɗa wa Garba gaskiya a gaban mahaifinsa. Garba ya ce, “Da ka gaya mini, da na rage gudu.” Na miƙe zan fita ya ce, “Je ka tone kwanar har ƙasa, ka cika da dutse. Kada ka dawo nan sai ka gama.” Bai ce ya yafe ba.

Yau kwana uku ina haƙa. Yawancin mahayan ba sa amsa gaisuwata, amma jiya biyu sun zo da shebur, muka yi aiki har magariba. Na yi kewarka, ɗan'uwana. Da kana nan da ka yi mini faɗa, ko na ji sauƙi.

Allah Ya ba Garba lafiya, Ya sanyaya zuciyarsa a kaina, Ya karɓi aikin hajjinka, Ya dawo mana da kai. Amin.

Ƙanenka,
Ɗanlami mai gyaran keke, Kano